Tarihin Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina

A ranar Juma'a 18 ga watan Yunin shekara ta 1999 ne Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata Katsina rasuwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke birnin Kano, yana da kimanin shekaru 76 a duniya.

Marigayin ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa da kiɗan kalangu, kuma da yawa daga cikin masana adabin Hausa na ɗaukar sa a matsayin mawaƙin baka mafi shahara da ƙasar Hausa ta fitar a ƙarni na 20.

Musawa ce mahaifarsa, a Funtuwa ya yi zaman girma, a Daura kuma aka binne shi. To amma birnin Kaduna na da kaso mai tsoka a cikin labarinsa, domin daga can ne rediyo ya ɗauki muryarsa ya kai ta garuruwan da shi kansa bai taɓa taka ƙafarsa ba.

Asali da ƙuruciya

An haifi Muhammadu Shata a shekara ta 1923 a garin Musawa, wanda a wancan lokaci yake ƙarƙashin mulkin En'e ta Katsina. A yau Musawa ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta a jihar Katsina.

Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, kuma iyayensa duka biyu Fulani ne. Kamar sauran yaran zamaninsa, an sanya shi a makarantar allo, ya kuma tashi cikin noma da ƙananan sana'o'i.

Tun yana matashi ya taɓa sayar da goro, daga baya ya koma tallar alewa. A wannan tsakani ne wani ɗan uwansu da ake kira Baba Salamu ya laƙaba masa sunan Shata, sunan da ya bi shi har ya danne na yanka.

Ba a gidan kiɗa aka haife shi ba, kuma wannan batu ne mai muhimmanci a tarihinsa. A al'adar Hausawa ta wancan zamani kiɗa gado ne, ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, kamar yadda ɗan maƙeri ke gadon maƙera. Wanda ya shiga sana'ar da bai gada ba ana ce masa ɗan haye, kuma ba kasafai ake ganinsa da daraja ba.

Bugu da ƙari, jama'a na kallon waƙa a matsayin roƙo. Saboda haka mahaifinsa bai so ko kaɗan ɗansa ya bi wannan hanya ba, domin a ganinsa abin kunya ne ɗan Bafulatani ya tsaya gaban mutane yana wasa su don su ba shi kyauta.

Daga dandali zuwa bikin 'ya'yan sarki

A dandalin Musawa Shata ya fara buɗe baki. Da dare, bayan an ci tuwo, samari da 'yan mata kan hallara ana kiɗan kalangu ana rawa, shi kuma yana jefa waƙa don nishaɗi, ba tare da an biya shi ko anini ba.

Sannu a hankali sai ya fi takwarorinsa, har labarinsa ya fara kai wa ƙauyukan da ke kewaye. Da abin ya kankama, ya ajiye faifan alewa ya rungumi waƙa gaba ɗaya.

Daga Musawa ya koma Bakori, bisa gayyatar wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e a can a fannin cinikin auduga da gyaɗa. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga nan kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa.

Wannan zamani ne da kuɗin auduga da gyaɗa suka fara yawo a hannun 'yan kasuwa da dillalai da direbobin manyan motoci. Waɗannan sababbin masu hali ba su da makaɗan fada kamar sarakuna, amma suna son a ambaci sunansu a bainar jama'a. A wurinsu Shata ya sami iyayen gida na farko.

Tauraruwarsa ta haska sosai a shekara ta 1952 a birnin Kano, lokacin wani gagarumin biki da aka fi sani da bikin 'yan sarki, inda aka yi wa 'ya'yan gidan sarautar Kano su goma sha biyu aure a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wasan da ya yi a gaban manyan baƙin da suka taru ya sa sunansa ya shiga bakin masu mulki da attajirai.

A shekara ta 1960 ya tare a Funtuwa, garin auduga mai tashar jirgin ƙasa da mahaɗar manyan hanyoyi. Nan ya zama gidansa na kusan shekaru 40, duk da cewa rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta.

Yadda yake gina waƙa

Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu da baki biyu, wadda ake ratayawa a hammata. Tsarkiyoyin da suka haɗa fatun biyu su ne sirrinta: idan makaɗi ya matse su sauti ya yi sama, idan ya sake su ya yi ƙasa. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu na iya kwaikwayon magana har mai sauraro ya gane abin da take faɗa.

Kafin zamanin Shata an fi sanin kalangu da kiɗan mahauta da na 'yan mata da 'yan dambe. Kayan kiɗan da ke da martaba a fada su ne tambari da kotso da taushi da jauje. Da kotso Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka yi suna, Sarkin Taushin Katsina kuwa sarautarsa ma ta faɗi abin kiɗansa.

Shata ya ɗauki gangar dandali ya shiga da ita zaurukan sarakuna da ɗakunan taron gwamnati, kuma bai sauya ta da wani abin kiɗa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Tsarin waƙarsa a zahiri mai sauƙi ne. Zai yanko gajeren amshi, sau da yawa layi ɗaya tak, ya miƙa wa makaɗansa, waɗanda su ne kuma 'yan amshi. Su za su riƙe wannan layi suna maimaitawa, shi kuma ya riƙa ɗora baituka a kai, yana zuba labari da kirari da habaici da barkwanci. A gefe guda sanƙira na cusa nasa kirarin, yana sanar da kyautar da aka bayar da sunan mai bayarwa.

Ba ya rubuta waƙa, kuma an san shi da ƙirƙirar ta nan take a filin wasa. Abin da ya gani a hanya, ko wani baƙo da ya shigo ana tsakiyar kiɗa, na iya faɗawa cikin waƙar a wannan dare.

Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuskoki da yawa. Bakandamiya, wadda a cikinta yake wasa kansa yana bayyana fifikonsa a kan sauran mawaƙa, ya rera ta a lokuta daban-daban, kuma kowane ɗauka na da baitukan da babu su a ɗaya. Masu sha'awar waƙoƙinsa kan yi musu har gobe a kan wace ce ta fi daɗi.

Kaduna da zamanin rediyo

Tun daga shekara ta 1917 Kaduna ce hedikwatar mulkin Arewacin Nijeriya. A ɓangaren da ke arewa da kogin ne aka gina zauren majalisa na Lugard Hall, da ofisoshin gwamnati, da gidan Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

Ga mutumin lardin Katsina irin Shata, Kaduna ta ci gaba da zama babban birni ko bayan rushe jihar Arewa. A 1967 lardunan Katsina da Zazzau suka zama jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa jihar Kaduna a 1976. Sai a 1987 aka yanke jihar Katsina. Wato mafi yawan shekarun ganiyarsa ya yi su ne Kaduna na matsayin cibiyar gwamnatinsa.

A shekara ta 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe kamfanin watsa labarai na Arewa, wato BCNN, wanda ya haɗa rediyo da talabijin. Rediyon Kaduna na da ƙarfin da ake kama shi a sassan Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana, duk inda Hausawa ke zaune.

A daidai wannan lokaci ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir suka fara araha. Manomi a gona da mai shayi a bakin tasha da matan aure a cikin kulle duk suka sami hanyar jin waƙar da a da sai wanda aka gayyata biki ke jin ta.

Ma'aikatan gidan rediyon sun ɗauki mawaƙan Arewa da dama a faifan zare, irin su Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da Haruna Uji mai gurmi. Shata na cikin waɗanda masu sauraro suka fi nema a shirye-shiryen zaɓe da gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka.

Rediyo ya kuma ƙara wa waƙar yabo tsada. A da wanda aka wasa a gidan biki, mahalarta ne kaɗai shaidunsa. Yanzu kuwa sunan ɗan kasuwar Bichi ko basaraken Gwandu na iya kai wa zangon Kumasi cikin dare ɗaya. Mutane irin su Garba Bichi da Umaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu da Hassan Sarkin Dogarai da Sarkin Bori Sule, yawancin waɗanda suka san sunayensu a yau ta bakin Shata suka san su.

Kaduna ce kuma matattarar manyan bukukuwan Arewa. A nan aka yi hawan daba na tarbar Sarauniyar Ingila Elizabeth a 1956, da na bikin samun mulkin kai na Arewa a 1959, da kuma na bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, a 1977. A irin waɗannan taruka kowane sarki kan zo da makaɗan fadarsa, waɗanda aikinsu shi ne wasa ubangidansu shi kaɗai.

Shata kuwa makaɗin jama'a ne da ba a ɗaure shi a fada ɗaya ba. Yakan yi wa sarki waƙa yau, gobe ya yi wa direba ko mai sayar da abinci. Wannan 'yanci ne ya dace da sabon birni irin Kaduna, inda ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga kowane lardi suka cakuɗu.

A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen biyu: talabijin ya shiga ƙarƙashin hukumar NTA, rediyon kuma ya zama reshen Rediyon Tarayya na Kaduna. Hotunan bidiyon da gidajen talabijin na Arewa suka ɗauka, inda ake ganinsa cikin babbar riga makaɗa na kewaye da shi, su ne suka rage wa 'yan baya da ba su riski wasansa ido da ido ba.

Abubuwan da ya waƙe

Da wuya a sami wani fanni na rayuwar Bahaushe da Shata bai taɓo ba. Ya yi waƙoƙin noma da kasuwanci, da na dabbobi da tsuntsaye, da na garuruwan da ya ziyarta a ciki da wajen Nijeriya.

A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya da kiran a riƙe ƙasa ɗaya. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yulin 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya bayyana wa mutanen karkara wannan abin al'ajabi da kalmomin da suka saba da su.

Harshensa na da kaifi biyu. Kamar yadda yabonsa ke ɗaga mutum, haka zambonsa ke kassara wanda ya faɗa a ciki, kuma waƙar Gagarabadau na daga cikin misalan da aka fi ambata. Ana jin tsoron bakinsa, shi ma ya san da haka. Ya kuma yi takun saƙa da wasu mawaƙan zamaninsa, inda aka riƙa mayar wa juna martani a cikin waƙa.

Akwai waƙoƙinsa da suka jawo ce-ce-ku-ce. Wadda ya yi wa mashaya ta ɓata wa malamai da dama rai, alhali shi ne kuma ya yi fitacciyar waƙar yabon Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wata mai kiran mata su yi aure. Masu sukarsa na ganin wannan tufka da warwara ce. Masu kare shi kuwa na cewa mawaƙin jama'a madubi ne, abin da ke cikin al'umma shi yake nunawa.

A cikin dukkan iyayen gidansa, babu wanda alaƙarsu ta yi zurfi kamar Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Waƙar da ya yi masa na cikin waɗanda aka fi so a duk waƙoƙinsa na sarauta.

Shata a fagen siyasa

Marigayin bai tsaya ga yi wa 'yan siyasa waƙa kawai ba, shi ma ya tsunduma a ciki. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin, a tsohuwar jihar Kaduna.

A jamhuriya ta biyu ya fara da jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, daga bisani ya koma NPN mai mulki ta Shugaba Shehu Shagari.

A zamanin jam'iyyu biyu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa, an zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa. Sai dai bai kammala wa'adinsa ba aka tsige shi, bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsa da jagoran jam'iyyar a jihar Katsina, Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya.

Waɗanda suka yi nazarin rayuwarsa sun lura cewa duk da yake a hannun sarakuna da attajirai yake samun abinci, ra'ayinsa ya fi karkata ga talakawa, kuma mutum ne da ba ya son a juya shi. Wannan hali ya taimake shi a waƙa, amma ya zame masa cikas a siyasar jam'iyya.

Daga roƙo zuwa digirin girmamawa

Sana'ar da mahaifinsa ya guje masa ita ce ta kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma da Turai da Amurka. Kamfanonin faifai irin su EMI sun buga waƙoƙinsa a faifan garmaho, kafin zuwan kaset ya watsa su a kowace kasuwa.

Jami'o'i ma sun waiwaye shi. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani, inda ya ɗauki Shata a matsayin misali.

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta ƙasa ta MON. A shekara ta 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Daga nan aka shiga kiransa Dakta Mamman Shata.

Wannan karramawa ta wuce shi kaɗai. Ganin an sanya wa mai kiɗan kalangu, wanda bai yi karatun boko ba, rigar malaman jami'a, ya sauya yadda mutane da yawa ke kallon makaɗa da mawaƙa a ƙasar Hausa.

Rashin lafiya da rasuwa

A ƙarshen shekarun 1990 ciwo ya ci ƙarfinsa. An kwantar da shi a Kano, aka kuma kai shi birnin Jidda na ƙasar Saudiyya inda aka yi masa aiki. Ya ɗan sami sauƙi ya dawo gida, amma jikin ya sake tashi, aka mayar da shi asibiti a Kano.

Ya cika ne makonni uku bayan Nijeriya ta koma mulkin farar hula a ranar 29 ga watan Mayun 1999. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, inda aka yi masa sutura. Ya bar mata uku da 'ya'ya da jikoki da dama.

Abin da ya bari

Babu wanda ya san adadin waƙoƙin Shata, kuma shi ma da aka sha tambayarsa ya nuna bai san yawansu ba. Da yawa ya yi su ne a gidajen biki da filayen wasa inda babu na'urar ɗaukar magana, musamman a shekarunsa na farko. Waɗannan sun tafi tare da waɗanda suka saurare su.

A shekara ta 2006 aka wallafa littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a Kaduna, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Littafin ya zama madogara ga ɗalibai da masu sha'awar waƙoƙinsa, domin ya tattara bayanai daga bakin waɗanda suka zauna da shi tun suna raye.

Bayan rasuwarsa kiɗan fiyano na finafinan Hausa ya mamaye kasuwa, kaset ya ba faifan CD wuri, shi ma ya kauce wa wayar salula. Duk da haka waƙoƙin Shata sun bi kowane sabon zamani. A yau matasan da aka haifa bayan mutuwarsa na sauraronsa a waya, suna kallon tsofaffin hotunan wasansa a YouTube, suna kuma tura wa juna guntayen baitukansa a matsayin karin magana.

To sai dai abin da ke yawo a intanet kaɗan ne daga cikin abin da aka ɗauka, kuma sau da yawa babu bayanin shekara ko wurin da aka yi wasan, ko sunayen makaɗan da suka riƙe masa amshi. Ragowar na kan tsofaffin faya-fayan zare da kaset-kaset a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da talabijin, da kuma hannun ɗaiɗaikun masu tarawa.

Faifan zare ba ya jure zafi da ƙura da danshi, na'urorin da ke kunna shi kuma sai ƙara wuyar samu suke yi. Da yake kowane ɗauka na waƙar Shata daban yake da ɗan uwansa, duk faifan da ya lalace kafin a kwafe shi zuwa na'urar zamani ya tafi ke nan da baitukan da ba za a same su a wani wuri ba.

Kaduna, mai gidan rediyon da ya yaɗa shi, da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da aka kafa a tsohon gidan Sardauna a 1970, na daga cikin wuraren da masu nazari ke fara dosa idan suna neman sawun wannan zamani. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da makaɗan da suka san ranar da aka yi kowace waƙa da dalilin yin ta kuwa, kullum raguwa suke yi.